Ƙwaƙwalwar Jar Mota

Ni tun ranar da Haidar ya shigo da motar nan unguwarmu Borokiri ban so ta ba. Ja ce wur, ƙofa biyu, cikinta kamar zai goge ƙasa, in ta taso daga bakin titi sai ka ji ƙararta har a haƙoranka. Na ce masa, "Yanzu kai a layin nan da ko keke sai da dabara take wucewa, nan za ka ajiye wannan?" Ya ce, "Yaya, ba ki san mota ba." Na ce ban san mota ba, amma na san layinmu in ruwa ya sauko.

Haidar ƙanena ne, autanmu, ni na goya shi. A nan Fatakwal aka haife mu duka, mahaifinmu ya zo daga Kano da fataucin albasa tun ba a haifi yawancin masu yi mana kallon baƙi ba. Haidar sayar da motoci yake yi, ya sayo daga Legas ya gyara ya sayar. Ni kuwa Mero, abinci nake sayarwa a ƙofar gidanmu, tuwo da shinkafa da wake, kuma masu cin nawa duk 'yan ci-rani ne: masu turin baro, masu dako, masu yankan farce da wankin takalmi. Wasunsu bara suka baro ƙauye. Mutanen kirki ne, ba na ɓoyewa, amma abin da ya shiga kunnensu da wuya ya fita.

Ruwan kuwa ya sauko. Damina a garin nan ba ta neman izini. Rana ɗaya aka wuni ana tafkawa, layin ya cika har gwiwa, jar mota ta kwana tsamo-tsamo a ciki. Da ruwan ya janye sai ta soma hali. A kunna ta, ta tashi, ta yi tari, ta mutu. Tana ajiye ba kowa a ciki sai ƙofofinta su ce ƙwas, su kulle kansu. Wata rana da la'asar sakaliya mutanena na zaune kan benci suna cin tuwo, sai fitilunta suka kama ƙiftawa, ta yi hon sau ɗaya, ta yi shiru. Wani ya tashi da kwanonsa ya koma can gefe, yana karanto abin da ya sawwaƙa.

Haidar ya kawo wani mai gyaran wayoyin mota, ɗan gari, ya jona mata wata na'ura ya daddanna, ya girgiza kai. Ya ce, "Oga, na brain box. Water don enter am." Wato ruwa ya shiga brain box ɗin. Akwai wani ɗan akwatin ƙarfe a cikin irin waɗannan motoci, shi ke ba injin umarni, ya ce ga man da za ta sha, ga lokacin da wuta za ta kama. In ya taɓu, motar ta zama mahaukaciya. Masu gyaran namu na Hausa ƙwaƙwalwa suke ce masa, haka Haidar ma yake cewa. Mai gyaran ya ce ba a gyara irin wannan, sai dai a nemo wata, kuma a Fatakwal ba za a samu ba.

Da Haidar yana da hankalin shiga ɗaki in zai yi waya, da ban ba ku labarin nan ba. Amma shi a tsakiyar jama'a yake waya, da murya kamar mai kiran kasuwa. Ya tsaya gefen tukunyata ya kira abokinsa Isma'ila, mai sayar da kayan mota a Onitsha.

"Isma'ila, ƙwaƙwalwa nake nema," in ji shi. "A'a, kar ka ba ni ta tsohuwa. Ƙarama nake so, 'yar shekara shida ko bakwai. Ko wadda ta yi hatsari ce ba komai, in dai kan bai fashe ba. A ciro min ita a hankali, a naɗe a leda, kar ruwa ya taɓa ta. Ni da kaina zan zo in ɗauka."

Akwai wani Idi, mai turin baro a kasuwar Mile One, dogo siriri, ba ya yawan magana. Na ga ya tsaya da loma a hannu. Bayan Haidar ya wuce sai ya matso ya ce, "Hajiya, ƙwaƙwalwar me Alhaji ke nema?" Ni a lokacin miya na neman kamawa, hayaƙi ya cika min ido, ga wani yana ta miƙo min kwano. Na ce, "Taka za a cire, da ma kana da ita." Mutum biyu suka yi dariya. Idi bai yi ba, ya ajiye kwanonsa da sauran tuwo a ciki ya tafi.

Ranar Talata da safe Haidar ya ciro tsohuwar ƙwaƙwalwar ya sa a baƙar jaka don ya kai a gwada da sabuwar, ya hau keke mai ƙafa uku zuwa tasha. A safiyar nan ne kuma, ana wani ruwa mai ƙarfi, matar Gimba ta aiki 'yarta Kamila sayen magi a bakin layi. Gimba ɗan dako ne a bakin ruwa, yana haya a bayan gidanmu, ɗaki ɗaya shi da matarsa da yarinyar. Kamila shekararta bakwai. Takan zo ta tsaya kusa da ni in ba ta ƙanzo, ta ce min Inna Mero, ta ruga. Ranar ba ta koma gida ba.

An nema. Wallahi an nema, ni ma na rufe tukunya na bi sahu. Aka zaga masallatai, aka je asibitoci, aka kai wa 'yan sanda, aka bi kasuwa ana nuna hotonta a waya. Shiru, kamar ƙasa ta haɗiye ta. Uwar ta yi kuka har muryarta ta ɗauke. Gimba bai yi kuka ba, shi dai tafiya yake ta yi, daga wannan lungu zuwa wancan, ƙafarsa duk taɓo.

Washegari na dafa abinci kamar kullum. Azahar ta yi, benci ba kowa. Na ga mutanena suna wucewa ta ɗaya gefen layin, kai a sunkuye, sun nufi wurin wata mai abinci da a da suke cewa miyarta ruwa ce. Na ɗaga murya na ce, "Idi, lafiya?" Ya yi kamar da bango nake. Maƙwabciyata da muke aron gishiri ta ga ɗanta ya doso ƙofarmu, ta fizgo shi da ƙarfin da har ya faɗi. Wani ya zo ya tsaya nesa da jar motar yana kallonta ya daɗe, ya tofar da yawu, ya tafi. Har lokacin ban gane ba, na ɗauka jimamin yarinyar ne ya hana mutane cin abinci.

Malam Shafi'u ne ya fahimtar da ni. Shi ne limamin masallacin layinmu, dattijo, abokin mahaifinmu. Ya zo bayan la'asar, ya yi sallama, muka gaisa gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gida da sana'a da ruwa, sannan ya zauna yana jan carbi.

Ya ce, "Mero, ina ƙanenki?"

Na ce, "Yana Onitsha, Baba. Kayan mota ya je nema."

"Wane kaya?"

"Ƙwaƙwalwa."

Yadda kalmar ta fito daga bakina, ni da kaina na ji ta. Malam ya ce maganar ta gama unguwa, ta kai Mile One, har 'yan uwanmu na kasuwar shanu sun ji. Ana cewa Haidar ya yi waya a gaban shaidu yana neman ƙwaƙwalwar 'yar shekara bakwai. Ana cewa motar ba da mai take tafiya ba, shi ya sa take kuka ita kaɗai, yunwa take ji. Ana cewa an gan shi da baƙar jaka ranar da yarinyar ta ɓata. Kuma ana cewa yayarsa ma ta sani, don ta ce wa Idi tasa za a cire.

Na ce, "Baba, shekarun mota yake nufi. Kan mota yake nufi, gabanta. Wane irin jahilci ne wannan? Yaron da kuka yi wa huɗuba da bakinku?"

Ya ce, "Ni na sani. Na faɗa a masallaci, sun saurara, ba wanda ya ce min uffan. Shirun nan ne ba na so, Mero. Ki kira shi, ki ce kar ya dawo yanzu."

Na kira shi. Ya yi dariya, dariya har da tari. Ya ce, "Yaya, ke ma kin biye wa 'yan ƙauyen nan?" Na ce masa ba wasa nake ba, ya wuce Enugu wurin kawunmu ya zauna sai ƙura ta lafa. Nan take dariyar ta ɗauke. Ya ce in ya ƙi dawowa ai ya amsa laifi ke nan. Ya ce a layin nan aka binne cibiyarsa, mutumin da ya sauka daga tirela bara ba zai kore shi ba. Na zage shi, na roƙe shi, na haɗa shi da darajar iyayenmu. Ya ce Isma'ila ya samo kayan, ranar Juma'a yana tafe, zai nuna wa kowa da idonsa. Taurin kan nan na mahaifinmu ne, shi ya kwashe shi duka.

Kwanakin da suka rage ban san yadda na yi su ba. Tsoro nake ji. Na daina dafa abincin sayarwa. Ina zaune a zaure ina jin layin ya canja murya: in na leƙo a yi shiru, in na koma a ci gaba. Na ga fuskokin da ban sani ba suna zama a kan dakalin da ke kallon ƙofarmu. Ranar Alhamis na ga an jingina tsohuwar taya a jikin sandar wuta, aka bar ta nan. Babu mai faci a layinmu.

Juma'a ana saukowa daga masallaci, layin cike da mutane, sai ga keke ta tsaya. Haidar ya fito da farar shadda, baƙar jakar a rataye. Ya zaɓi lokacin ne da gangan, don a gan shi. Ya yi sallama da ƙarfi. Mutum biyu ko uku suka amsa can ƙasa-ƙasa, sauran suka soma matsowa, ba gudu ba hayaniya, har suka rufe shi ta ko'ina. Na fito ba mayafi ba takalmi, na kutsa.

Malam Shafi'u ya shiga tsakiya ya ɗaga hannu. Ya ce, "Haidar, buɗe jakar nan jama'a su gani." Haidar ya buɗe, ya ciro abu naɗe a leda, ya warware. Ɗan akwati ne na farin ƙarfe, bai fi girman Alƙur'ani izu goma ba, da wurin jona wayoyi a gefe. Ya ɗaga shi sama. Ya ce, "Ga ƙwaƙwalwar. Ta mota ce. Duk wanda ya san mota ya san wannan."

Sai Gimba ya fito daga cikin mutane. Ya rame, idanunsa sun yi ja, rigar da ke jikinsa tun ranar Talata ce. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Alhaji, buɗe shi."

"Ba a buɗewa," in ji Haidar. "A liƙe yake. In aka buɗe ya lalace."

Ya Allah, wannan yaro. Gaskiya ya faɗa, amma da ƙarya ya yi da ta fi masa. Na ji maganar ta bi cikin taron kamar iska a gonar dawa: ya ƙi, ya ƙi buɗewa. Wani ya bangaje shi ta baya. Wani ya kai masa naushi a baki, jini ya zubo kan shaddar. Malam na ta cewa, "Ku ji tsoron Allah," ba mai jinsa. Na juya na ga tayar nan ba ta jikin sandar wuta, tana tahowa bisa kawunan mutane hannu zuwa hannu. Sai warin fetur ya buge ni.

Ban yi shawara da kowa ba. Na fizge akwatin daga hannun Haidar, na ruga gindin murhuna, na ɗauko gatarin da nake faskare da shi. Na ji shi yana cewa, "Yaya, kar ki!" Na ɗora abin kan kututture na sara. Bai buɗe ba. Na sake, na sake, ina sara ina zagi, ban bar kowa ba, daga Idi har uwar da ta haifi jita-jita. Ƙarfen ya lanƙwashe, ya tsage, murfin ya yi tsalle ya faɗa kwata. Na kwashe abin da hannu biyu na watsa a gaban Gimba.

Wani ɗan allo ne kore, ya karye biyu, da ƙananan abubuwa baƙaƙe manne a jikinsa kamar cikin rediyo. Mutane suka leƙo ta kafaɗun juna. Wanda ke riƙe da tayar ya sauke ta a hankali.

Gimba ya tsuguna. Ya sa yatsa yana juya gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga wannan ya duba ƙarƙashi, ya ɗaga wancan. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya dubi Haidar, ya ce, "To, Alhaji, ina take?" A nan ne ya fashe da kukan da bai yi ba tun ranar Talata, ni ma da nake jin kamar in sare kowa sai na tsuguna kusa da shi.

Taron ya watse, amma ba duka zukata suka watse ba. Tun kafin in shige gida na ji wata murya a bayana tana cewa wannan ai ta nunawa ce, ta gaskiyar tana can inda aka kai ta. Malam Shafi'u ma ya ji. Ya kama hannun Haidar ya ce, "Ɗana, yau kam ba za ka kwana a nan ba." Wannan karon Haidar bai yi musu ba. Bai ma shiga ɗakinsa ba. Ya goge bakinsa da hannun riga, ya dubi layin daga farko har ƙarshe, Malam da ladan suka raka shi bakin titi. Enugu ya tafi. Bayan 'yan kwanaki ya aiko da babbar mota aka ɗauke jar, gilashinta duk an farfashe.

Sati na zagayowa ruwa ya ja baya, wasu masunta suka tsinci Kamila a inda babbar kwatar layinmu ke zubewa cikin kogi, ta maƙale a cikin saiwoyin itatuwan bakin ruwa. Murfin kwatar ne ya daɗe da karyewa kusa da shagon mai magi, ruwan sama ya rufe ramin, ta taka. Kowa a layin nan ya san da ramin. Kowa ya sha tsallake shi.

Ina cikin matan da suka yi mata wanka, don uwar ce ta aiko a kira ni. Abin da na gani a ɗakin nan ba zan manta ba. Duk matar da ta shigo, kafin ta ce Allah ya ji ƙai, sai ta kai hannu kan yarinyar, ta shafa daga goshi zuwa ƙeya, ta lalubo bayan kunne, sannan ta dubi ta kusa da ita ta gyaɗa kai. Kitson da uwar ta yi mata yana nan bai ko warware ba. Kafin a fito da ita labari ya riga ya kai waje cewa kanta lafiya lau.

Bayan an dawo daga maƙabarta sai ga su a ƙofarmu, Malam Shafi'u a gaba, Gimba da Idi da wasu a baya. Idi ya kasa kallona. Gimba ya ce, "Hajiya, a roƙa min Alhaji gafara." Shi kam na yafe masa tun a tsugunen nan. Malam ya ce in kira Haidar a gabansu, a ce ya dawo gidansa, unguwa ta gane kuskurenta.

Na kira, na sa yadda kowa zai ji. Na ce, "Haidar, an ga Kamila. Kwata ta faɗa, an yi mata sutura ɗazu." Ya yi salati, ya yi mata addu'a, ya ce a yi wa Gimba ta'aziyya. Shi ma yakan sayo wa yarinyar alawa. Na ce, "Ga su Baba Malam nan, ga jama'a. Sun ce ka dawo. An duba, kanta lafiya lau, ba abin da ya taɓa shi."



Ya ce, "Yaya, sai da aka duba kanta?"

Na dubi mutanen da ke tsaye a ƙofarmu, kowa ya dubi ƙasa. Na ce, "Sai da aka duba."

"To, a gaida Baba Malam," in ji shi. "Ki haɗa min kayana ki ba direban Enugu."

Na haɗa. Ɗakinsa yanzu buhunan shinkafata ne a ciki. Benci ya sake cika, Idi ma ya dawo, ina zuba musu, suna ci, suna cewa Hajiya a ƙara miya. Ina ƙarawa. Amma ƙanena, wanda na goya a layin nan, in ina son ganinsa sai na hau mota zuwa Enugu.